Ra'ayinmu: Wa Ke Naɗa Ma'aji, Wa Ke Tuhumarsa?

Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a kan ƙarar da Babban Lauyan Tarayya ya kai jihohi 36. Ta ce kason ƙananan hukumomi 774 da ke fitowa daga asusun tarayya a riƙa zuba musu shi kai tsaye, kada ya sake bi ta hannun gwamnoni. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya ɗora kantoma ko kwamitin riƙo a gurbinta. Aka yi ta murna a gidajen rediyo da majalisun hira, mu ma ɗalibai mun taya, domin kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa ba abin rainawa ba ne. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin har cikin 2025, amma wannan magana ce ta wata rana. Abin da ya dame mu yau wata tambaya ce wadda ba a kai ta gaban kotu ba, ba mu kuma ji masu murna suna yin ta ba: in kuɗin sun iso sakatariya, a hannun wa za su kwana?

Mai karatu zai ce a hannun ciyaman mana, tun da shi aka zaɓa. To, da sauran magana. Bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa tun gyaran aikin gwamnati na 1988, ciyaman shi ne shugaban zartaswa, shi ne kuma wanda alhakin kuɗi ya rataya a wuyansa, amma ba ya sa hannu a caki. Masu sa hannu ma'aikata ne, watau ma'aji da daraktan ma'aikata. Wanda zai je ya duba kwalbati ya rubuta cewa an gama ta, a biya ɗan kwangila, shi ne shugaban sashen ayyuka. Wanda ya san ko akwai magani a ɗakin shan magani na unguwa, ko kuwa kwalaye ne kawai a kan kanta, shi ne shugaban sashen lafiya. Taki da irin shuka da allurar shanu suna hannun shugaban sashen gona. Mutum shida ne ko bakwai a kowace ƙaramar hukuma. Ba wanda ya jefa musu ƙuri'a, hotunansu ba sa jikin bango, yawancin talakawa ma ba su san sunayensu ba. Amma duk abin da tsarin mulkin 1999 ya lissafa a jadawalinsa na huɗu cewa aikin ƙaramar hukuma ne, kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta, kwashe shara da gyaran magudanai, rajistar haihuwa da mutuwa, ta teburinsu yake bi kafin ya iso ga jama'a. In rijiya ta ba da ruwa, su ne guga.

Ga yadda ake samun su. A kusan kowace jiha akwai Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, tana zaune a babban birnin jiha, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanta da membobinta. Duk ma'aikacin da ya kai mataki na 7 zuwa sama, wannan hukuma ce ke ɗaukarsa, ita ke yi masa ƙarin girma, ita ke ladabtar da shi, ita ce kuma ke ɗauke shi daga wannan ƙaramar hukuma ta jefa shi waccan ran da ta ga dama. Abin da aka bar wa ƙaramar hukuma shi ne mataki na 1 zuwa na 6, watau masinja da direba da mai gadi da ƙananan akawuna. Saboda haka shugaban sashe da takarda yake zuwa, da takarda yake tafiya. Ba lalle ne a nemi shawarar ciyaman ba, kansiloli kuwa ba su da hurumin su zaunar da shi su tambaye shi abin da ya karanta ko inda ya taɓa aiki. A ɗaya gefen kuma, tun 1991 da aka kawo wa ƙananan hukumomi tsarin shugaba mai cikakken iko, ciyaman yana naɗa nasa mutanen, sakatare da kansiloli masu gafaka, kowane sashe da nasa. Ke nan kowane sashe kai biyu gare shi: ɗaya na siyasa, wanda zai tafi ran da ciyaman ya tafi, ɗaya na aiki, wanda igiyarsa ke hannun waɗansu mutane a babban birni. Sa'an nan ga ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha a bisa kansu duka, tana aiko da takardun umurni da sufetoci.

Mu tsaya mu dubi matsayin wannan bawan Allah da idon basira, domin da yawa daga cikin masu karanta mujallar nan can za su ƙare. Mai ba shi umurni kullum safiya daban, mai riƙe da ƙarin girmansa daban, mai duba littattafansa daban. Wa zai fi jin tsoro a cikinsu? Ai wanda zai iya cilla shi wani lungu nesa da iyalinsa da makarantar 'ya'yansa. Canjin wurin aiki, wanda aka ƙago don ma'aikaci ya san ƙasa kuma kada ya yi saiwa a wuri ɗaya, ya zama bulala a hannun dama, ya zama goro a hannun hagu. Ma'ajin da ya ce a'a, wannan bauca ba ta cika ƙa'ida ba, ba a korarsa, don korar ma'aikaci doguwar hanya gare ta. Sai dai ya wayi gari ya ga sunansa a jerin waɗanda aka canja wa wuri, babu dalili a rubuce, babu inda zai kai kuka. Wanda kuwa ya san ƙofar da ake bi har aka tura shi ƙaramar hukuma mai babbar kasuwa, ya san ba kyauta aka ba shi ba, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ran da aiki ya lalace sai kowa ya zame. Ciyaman ya ce ba ni na kawo shi ba, ba ni kuma da ikon cire shi. Hukumar ma'aikata ta ce ba wanda ya kawo mana ƙara a rubuce. Shi kuma ya ce umurni aka ba ni. Kowa ya faɗi gaskiya gwargwado, kwalbati kuwa tana nan a rushe.

Kada a ɗauka waɗanda suka tsara wannan abu ba su san abin da suke yi ba. Wata cuta suka gani, suka yi mata magani. A zamanin En'e sarki ne ke naɗa shugabannin sassa da amincewar Razdan, yawanci kuma da rawani ake naɗawa: Ma'aji a Baitulmali, Wakilin Doka a kan 'yan doka, Yari a gidan kurkuku, da sauransu. 'Ya'yan sarki da surukai da barorin fada su suka fi samu. Alhaji Ado Bayero kansa ya riƙe Wakilin Dokan Kano kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963, wannan kuwa ya isa ya nuna kusancin da ke tsakanin ofis da fada a lokacin. Ba mu ce babu waɗanda suka riƙe amana ba, akwai su. Illar tsarin ita ce mai naɗawa shi ne mai dubawa, shi ne kuma mai shari'a, tun da kotun sarki da ta alƙali da gidan yari duk cikin En'e suke. Ma'aikacin da ya saɓa wa fada ba shi da mafaka. Malamin makaranta ko akawun da aka ji ƙanshin NEPU a jikinsa, bayan an kafa ta a 1950, ya san abin da ke jiransa. A watan Agustan wannan shekara ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin neman a gyara mulkin En'e, abin da ya girgiza fadoji. Aka yi dokar En'e ta 1954, makarantar koyon aikin mulki ta Kongo a Zariya ta shiga horar da ma'aji da akawu. Duk da haka, a 1962 sai da gwamnatin Arewa ta naɗa Bature Muffett ya binciki kuɗin En'en Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Sir Muhammadu Sanusi a 1963 da komawarsa Azare. Har gobe ana gardama a kan ko siyasa ce ta jawo wannan bincike. Ko ma dai mene ne, En'e mafi arziki a duk Arewa ta kai matsayin da babu wani ma'aikaci a cikin gida mai ƙarfin da zai ce a tsaya, sai da aka zo daga Kaduna.

Gyaran 1976, na zamanin Janar Obasanjo, wanda Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rubuta gabatarwar kundin ƙa'idojinsa, shi ya binne abin da ya rage na En'e, ya kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk faɗin ƙasa. Sarakuna aka mai da su masu ba da shawara, manyan ma'aikata kuma aka haɗa su a tukunya ɗaya a kowace jiha. An yi haka ne don a kare ma'aikaci daga fushin masu gari, don kuma ƙaramar hukumar ƙauye ta samu injiniya ko akanta wanda ita kaɗai ba za ta iya jawo shi ba, shi ma ya san yana da hanyar ci gaba. Dalilai ne masu ƙarfi, har yau ba mu ga abin da ya rushe su ba. Sai dai an gina su a kan zaton cewa hukumar ma'aikata za ta zama alƙali mai zaman kansa, wanda ba ya kallon fuskar kowa. Ba a daɗe ba zaton ya warware. Daga 1979 zuwa 1983 ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, gwamnonin kowace jam'iyya, har da masu kiran kansu na talakawa, kwamitocin riƙo suka naɗa. Kwamitin Alhaji Ibrahim Dasuƙi na 1984 ya duba, ya ce matsalar ta fi karkata ga halin masu gudanarwa bisa ga shi kansa tsarin. Mu kam muna ganin tsarin da ba ya tafiya sai an samu mutanen kirki a kowace kujera, da sauran gyara a jikinsa. Tsarin mulkin 1999 ya zo ya daɗa sakwarkwatar da abin. Sashe na 197 ya lissafa hukumomin jiha uku da ya ba kariya, ta ma'aikatan jiha, da ta zaɓe, da ta ma'aikatan shari'a. Ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ba ta ciki, dokar jiha ce kawai ta haife ta. An ƙwace ma'aikaci daga hannun sarki an damƙa shi hannun gwamna, an gudu ba a tsira ba.

Lamarin ya fi muni a manyan birane. Mu ɗauki Kano. In mutum ya ce hukumar birnin Kano, wa yake nufi? Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi takwas: ta Birni, da Dala, da Gwale, da Fagge, da Nasarawa, da Tarauni, da Kumbotso, da Ungogo. Ke nan ma'aji takwas, shugaban ayyuka takwas, na lafiya takwas, a gari ɗaya, alhali kuwa ruwan Jakara bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, sauro da kwalara ma haka. Don cike wannan giɓi ne gwamnatin jiha ta kafa nata hukumomin, REMASAB ta kwashe shara, KNUPDA ta tsara birni, KAROTA ta kula da hanyoyi. Shugabannin irin waɗannan hukumomi gwamna ke naɗa su, shi ke sauke su, babu kuma kansilan da zai iya aika wa ɗayansu sammaci ya zo ya yi bayani. A 2021 jihar Kaduna ta gwada kafa hukumomin birni guda uku, na Kaduna da Zariya da Kafancan, amma su ma shugabanninsu naɗin gwamna ne. Ashe birni mai miliyoyin mutane ba shi da majalisa ɗaya tasa ta kansa wadda za ta dubi shara da ruwa da hanya a zama ɗaya. Talakan da bola ta toshe wa layi yana da ƙofa biyu, tsarin mulki ya nuna masa ɗaya, motar shara tana fitowa ta ɗayar.

A takarda dai masu sa ido ba su yi kaɗan ba. Majalisar kansiloli ita ke amincewa da kasafin kuɗi, tana kuma iya kiran shugaban sashe ya yi bayani. Akwai oditan cikin gida, wanda ya kamata ya ga kowace bauca kafin a biya. Akwai Babban Odita na ƙananan hukumomi a jiha, mai kai rahotonsa majalisar dokoki. Ƙa'idojin 1988 har cewa suka yi duk umurnin kashe kuɗi ya zama a rubuce. To amma a bi su ɗaya ɗaya. Oditan cikin gida, hukumar nan da ta turo ma'aji ita ta turo shi, ita za ta iya ɗauke shi, takardar da yake rubutu a kai da man babur ɗinsa kuma daga hannun waɗanda yake bincike suke fitowa. Kansiloli suna iya kira, amma ba sa iya cirewa, mutumin da ya san ba ka iya yi masa kome kuwa da ladabi zai zo, da ladabi zai tafi, abin da ya ga dama zai yi. Balle ma kansilolin da suka fito daga zaɓen hukumar zaɓe ta jiha, inda aka saba ganin jam'iyyar gwamna ta lashe kusan kowace kujera. Babban Odita kuma, kafin rahotonsa ya fito a tattauna shi, sau da yawa ma'ajin da ake magana a kansa ya zaga wurare biyu. Muna tambayar mai karatu tsakaninsa da Allah, ya taɓa ganin rahoton odita na ƙaramar hukumarsu da idonsa?

Ba mu ne farkon waɗanda suka sha wannan ba. A Amurka ta ƙarni na 19 muƙamin gwamnati ganima ce, wanda ya ci zaɓe ya raba wa yaransa. Sai da wani mai neman muƙami wanda bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881, sa'an nan aka yi dokar Pendleton ta 1883, wadda ta kawo ɗaukar ma'aikatan tarayya ta hanyar jarrabawa, birane kuma suka bi baya sannu a hankali. Biranen nasu hanya biyu suka kama. Waɗansu, kamar Niyok, sun ba magajin gari cikakken iko: shi ke naɗa kwamishinan 'yan sanda da na tsabta da na lafiya, shi ke sauke su, saboda haka in shara ta taru kowa ya san wanda zai kama ran zaɓe. Amma mai kula da asusun birni jama'a ne ke zaɓarsa daban, magajin gari bai isa ya sallame shi ba. Waɗansu kuma sun bi hanyar manajan birni, wadda ƙaramin garin Sitanton na jihar Bajiniya ya fara a 1908, birnin Deton na jihar Ohayo ya ɗauka a 1914 bayan ambaliyar da ta cinye shi a 1913. A wannan tsari majalisa ce ke ɗaukar ƙwararre haya, shi ke naɗa shugabannin sassa, majalisa tana iya sallamarsa da ƙuri'a, kansila kuma ba shi da damar tsallake manaja ya je ya ba ma'aikaci umurni. Kowace hanya da nata ciwon, biranen Amurka ma ba su rabu da ɓarayi ba. Amma a duka biyun igiya ɗaya ce, in ka bi ta za ta kai ka ga wanda aka zaɓa.

Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne na Ingila, wadda daga gare ta aka kwaikwayo mana yawancin fasalin ofisoshinmu. Can majalisar birni ce da kanta ke tallata gurbi ta ɗauki manyan jami'anta. Sashe na 151 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya wajabta wa kowace majalisa ta kasance da jami'i ɗaya mai ɗauke da alhakin kuɗinta. Wata doka ta 1988 ta ce lalle ya zama akanta mai takardar shaida, sashenta na 114 kuma ya ɗora masa wajibi: in ya ga abin da za a kashe ya fi abin da ake da shi, dole ya rubuta wa dukan kansiloli, daga ranar kuma an rufe sabon kashe kuɗi sai majalisa ta zauna a kai cikin kwana 21. Irin wannan takarda ce aka fitar a Bamingam a watan Satumba na 2023, birni na biyu a girma a ƙasar, duniya ta ji cewa asusunsa ya kasa. Korar wannan jami'i kuwa sai da ƙuri'ar majalisa gaba ɗaya, bayan ta saurari shawarar mutane masu zaman kansu. Watau doka ta tilasta masa ya ce a'a, sa'an nan ta tsaya masa in ya faɗa. Mu an ba namu ma'aji littafin ƙa'idojin kuɗi mai kauri, an bar shi tsirara a gaban takardar canjin wuri.

Waɗansu 'yan'uwanmu, saboda takaici, suna cewa a rushe hukumar ma'aikata kawai, a bar kowane ciyaman ya naɗa wanda yake so. Ba mu tare da su. Ciyaman na shekara biyu ne ko uku. In aka sakar masa, ma'aji zai zama ƙanen matarsa, shugaban ayyuka ya zama wanda ya ɗauki nauyin fastocinsa, kowane zaɓe kuma a share ofis har da waɗanda suka san inda fayil yake. Daɗa ga maganar ɗan asalin gari, wadda za ta hana injiniya ɗan Gwarzo aiki a Wudil. Wannan komawa En'e ce, rawani kawai aka cire. Magajin garin Niyok yana da jaridu da kotuna da mai kula da asusu a kansa, namu ciyaman wa yake da shi?

Abin da muke nema shi ne a raba ikon, a kuma fito da shi fili. Duk ran da kujerar shugaban sashe ta zama ba kowa, a tallata ta ga ma'aikatan jiha baki ɗaya, a faɗi sharuɗɗa: ma'aji ya zama akanta mai takardar ICAN ko ANAN, shugaban ayyuka ya zama injiniya mai rajista da COREN. Hukumar ma'aikata ta tantance ta fitar da mutum uku, tun da ita ke riƙe da fayilolinsu, sa'an nan majalisar kansiloli ta zaunar da su a zauren da kowa zai iya shiga, ta ɗauki ɗaya. Wanda aka ɗauka a yanka masa wa'adi, a ce shekara huɗu, don kada zuwansa da tafiyarsa su zo daidai da na ciyaman. Kafin wa'adin ya cika kada a taɓa shi sai da dalili a rubuce, wanda za a karanta a gaban majalisa a sa a littafinta. Haka nan in kashi biyu cikin uku na kansiloli suka rubuta cewa a ɗauke musu wane, ya zama tilas hukumar ta bincika ta ba da amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Ma'aji da oditan cikin gida kuwa a ƙara musu katanga irin ta Ingila: in aka matsa musu su biya abin da ya saɓa ƙa'ida, doka ta wajabta musu su rubuta wa majalisa da Babban Odita, daga ranar da suka rubuta kuma babu canjin wuri sai an gama bincike.

Mun san abin da za a ce: ai kansila ma ana sayensa. Ana saye, ba mu musa ba. Amma sayen mutum goma da rana tsaka, a gaban 'yan unguwarsu, ya fi wuya ya kuma fi tsada bisa ga sayen mutum ɗaya a ɗaki, sa'an nan ko an saye su sunan kowa yana cikin littafi. Ita ma hukumar ma'aikatan tana bukatar nata gyaran. Membobinta majalisar dokoki ta tantance su a fili, wa'adinsu ya tsallake na gwamnan da ya kawo su, ƙungiyar NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta samu kujera. Da za a sa ta cikin tsarin mulki da ya fi, amma tun da dokar jiha ce ta kafa ta, kowace majalisar dokoki tana iya yin wannan gyara a zama ɗaya ba tare da jiran Abuja ba. Maganar majalisa ɗaya ta birni kuwa doguwa ce, za mu dawo mata a wata fitowa. Kafin nan, ba mu ga abin da zai hana shugabannin hukumomin shara da tsara birni su riƙa bayyana gaban haɗaɗɗen zaman majalisun nan takwas sau ɗaya a wata uku ba.

Ku 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki, kuna mataki na 8 ko na 9 a wata sakatariya, ba mu ce ku yi fito-na-fito da kowa ba. Kalma ɗaya muke roƙo ku saba da ita tun yanzu, kafin ku kai kujerar da ake magana a kanta: ranka ya daɗe, a rubuta mini a fayil. Ƙa'ida ce ta ba ku ita, umurnin banza da yawa kuma a nan yake mutuwa, don mai bayarwa ba ya son ya ga sa hannunsa a ƙarƙashinsa.

Mu kuma da ke nan makaranta, kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a wannan jami'a, waɗanda ba sa zuwa sakatariya sai neman kuɗin tallafin karatu ko gudummawar bikin yaye ɗalibai. Hutun nan mai zuwa muna kira ga kowace ƙungiya ta rubuta takarda ta kai da hannu, ta riƙe kofe mai hatimi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba da kwana bakwai a ba da amsa, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2025 cewa dokar ta hau kan jihohi ma. A nemi sunayen shugabannin sassa da takardun karatunsu, da ranar da aka turo kowannensu, da yawan ma'ajin da suka riƙe baitulmalin cikin shekara biyar da suka wuce, da rahoton odita na ƙarshe da aka kammala. Amsar da aka samu a kawo ta ofishin wannan mujalla cikin mako biyu na farkon zangon karatu, za mu buga ta yadda take. Inda aka ƙi ba da amsa, za mu buga sunan ƙaramar hukumar da ranar da aka karɓi takardar.